Kimiyyar Tukunya: Abin da Wuta ke Gyarawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ɓangaren kayan miya na Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, zai ga cimar Nijeriya kusan dukkanta a wuri guda. Dalilin haka yana cikin tarihin unguwar. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka keɓe Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu, su kuwa suka taho da abincinsu. Shi ya sa a gefen tarwaɗa da ƙarfasa da banda da zogale ake samun dodon koɗi, da kaguwa, da ganyen ugu, da agushi, da busassun ƙananan jatan lande da ake kira kirefish. Gidajen Hausawa da dama a Fagge da cikin birni sun rungumi waɗannan kayayyaki.

Yawancinmu mun tashi da fahimtar cewa da zarar abu ya tafasa, to, babu sauran illa a cikinsa. Wannan maƙala za ta nuna cewa maganar rabinta ne gaskiya. Akwai abin da wuta ke gyarawa, akwai wanda ya fi ƙarfinta, akwai kuma wanda ita ce ke ɓata shi.

Me ya sa ganda ke daɗewa, kifi ya nuna nan da nan?

Tsokar dabba zaruruwa ce da aka ɗaure da wani furotin mai tauri da ake kira kolajin. Gaɓar da ta fi aiki, kamar wuya da ƙauri, ita ta fi yawansa, ganda kuwa kusan zallarsa ce. Idan kolajin ya daɗe a cikin ruwan da zafinsa ya haura digiri 70 na ma'aunin santigireti, sai ya narke ya koma jelatin, wato abin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya yi danƙo, in ya kwana ya daskare. Ƙara itace ba ya gaggauta wannan aiki, domin ruwan buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wutar. Lokaci kawai ake bukata. Da ma Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Kifi daban yake. Ruwa ne ke ɗauke da nauyin jikinsa, saboda haka kolajinsa kaɗan ne, kuma yana narkewa da ɗan zafi. Cikin minti 10 zuwa 15 yankan tarwaɗa ya nuna, in aka zarce sai ya dagargaje. Wannan ne hikimar sa kifi a ƙarshen miya, bayan nama ya yi laushi. Amma busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla, shi ana fara jiƙa shi ne. A arewacin ƙasar Norwe ake shanya shi cikin iska mai sanyi na tsawon watanni, ba gishiri ba hayaƙi, har yawancin ruwan jikinsa ya fita. Sai wannan ruwa ya koma kafin zafi ya iya tausasa shi.

Abin da wuta ke kashewa

Babban amfanin girki ga lafiya shi ne kashe ƙwayoyin cuta da tsutsotsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dafa abinci har zafin cikinsa ya kai digiri 70. A lura, tsakiyar yanka ake nufi. Balangu yakan yi ja ya yi ƙamshi daga waje alhali cikinsa bai nuna ba, kuma a irin wannan nama ne 'ya'yan tsila ke tsira. Suna kwance ne a tsokar saniya cikin 'yan ƙananan ƙunsoshi farare, in aka ci su da rai sai su girma a hanjin mutum su kai tsawon mita da yawa. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya tsaga naman: kada a ga ja a jikin ƙashin kaza, ruwan da ke fitowa kuma ya zama garau.

Kaguwar rafi tana da nata haɗarin. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, likitoci a gabashin Nijeriya sun yi ta ganin masu tari da jini, kamar masu tarin fuka, amma maganin tarin fuka bai yi musu aiki ba. Binciken da Farfesa Chukwuedu Nwokolo ya buga a 1972 ya nuna cewa wata tsutsa ce mai zama a huhu, wadda mutane suka ɗauka ta cin kaguwar da ba ta dahu ba a lokacin yunwa. Dafuwa sosai tana kashe wannan tsutsa. Haka ma dodon koɗi: a wanke yauƙinsa da gishiri da lemon tsami, sannan a tafasa shi sosai, domin wanki kaɗai ba ya kawar da abin da ke cikin namansa.

Abin da ya fi ƙarfin wuta

A nan ne akasarin mutane ke yin kuskure. Wuta tana kashe mai rai, amma wasu nau'o'in guba da mai ran ya riga ya zubar ba sa jin zafin tukunya.

Misali na farko shi ne kifin teku da ake kawowa a daskare, musamman taitus. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ga zafin gari, ga yawan ɗauke wutar lantarki. Idan ƙanƙarar ta narke kifin ya ɗumama, ƙwayoyin bakteriya sukan juya wani sinadari na tsokarsa zuwa histamin. Suya ko dafuwa ko sake daskarewa duk ba sa rushe histamin. Wanda ya ci irin wannan kifi, sau da yawa cikin ƙasa da sa'a guda sai ya ji ƙaiƙayi da ciwon kai da zafin fuska, wani lokaci har da amai. Maganin abin yana wurin saye: a zaɓi kifin da yake daskare ƙam, a guji mai taushi ko mai fasasshen ciki, a kuma dafa shi da zarar ya saki.

Na biyu shi ne fumfuna. Gyaɗa da masara da agushi da busasshen barkono, in aka ajiye su a wuri mai laima, wani nau'in fumfuna mai suna Aspergillus flavus yakan kama su ya zubar da gubar aflatoksin. An gano wannan guba ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Tana lalata hanta a hankali, tana kuma cikin abubuwan da ke haddasa sankarar hanta. Tafasa ba ta kawar da ita. Don haka gara a sayi agushi ɗanye a tsince shi, a zubar da wanda ya sauya launi, sannan a niƙa, da a sayi niƙaƙƙe wanda ba a san asalinsa ba.

Na uku shi ne rogo mai ɗaci. Yana ɗauke da wani sinadari da ke sakin gubar sayanaid, kuma dafa shi a dunƙule ba ya fitar da ita yadda ya kamata. Masu yin garin kwaki sun daɗe da sanin hanya: a feƙe, a goge, a matse a buhu na 'yan kwanaki, sannan a soya. Kowane mataki yana rage gubar.

Na huɗu shi ne kwantai. A yanayi mai ɗumi ƙwayar bakteriya takan rabu biyu duk bayan minti 20, ke nan guda ɗaya za ta iya haura miliyan 2 cikin sa'o'i 7. Wasunsu, kamar masu kama dafaffiyar shinkafa, suna barin gubar da ɗumame ba ya rusawa. Saboda haka kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i 2 a ajiye, sai dai a bar shi kan wuta ko a sa shi a firji.

Ganye: inda wuta ke ɓarna

Alayyaho da zogale da rama da ugu suna ba mu bitamin C da sinadarin ƙarfe da kuma karotin, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A mai kare ido. Bitamin C ba ya jure wahala. Yana narkewa a ruwa, zafi da iska kuma suna rushe shi. Wanda ya yanka ganye ƙanana kafin ya wanke, ya tafasa shi da daɗewa, sannan ya tsiyaye ruwan, ya zubar da kaso mai yawa na amfaninsa. Abin da ya dace shi ne a wanke kafin a yanka, a zuba shi a ƙarshen girki, a sauke bayan 'yan mintoci. Shi kuwa karotin a cikin mai yake narkewa, don haka ɗan manja ko man gyaɗa ko ƙuliƙulin kwaɗo yana taimaka wa jiki ya sha shi.

Sai batun kanwa. Ita kishiyar tsami ce, tana sassauta bangon ƙwayoyin tsiro, shi ya sa wake ke saurin nuna, kuɓewa ta ƙara yauƙi, ganye ya riƙe korensa. Amma tana rushe bitamin C da bitamin B1. Jiƙa wake tun dare yana rage lokacin dafuwa ba tare da wannan asara ba.

Malamai za su iya nuna wannan a aji. A raba alayyaho kashi uku, a tafasa kowanne minti 5: ɗaya a ruwa zalla, ɗaya da ɗan kanwa, ɗaya da ruwan tsamiya. Ɗalibai za su ga mai kanwa ya yi kore shar amma ya yi laɓo-laɓo, mai tsamiya kuwa launinsa ya dusashe amma bai saki jiki ba. A tambaye su dalili.

Kammalawa

A taƙaice, kafin a ɗora tukunya sai a tambayi kai irin aikin da ake so wuta ta yi. Ganda da ƙauri suna son lokaci, kifi yana son ɗan zafi, kaguwa da dodon koɗi da kaza sai sun nuna har ciki, ganye kuwa a yi masa sama-sama. Amma kifin da ya ɗumama a hanya da agushin da ya yi fumfuna, babu girkin da zai gyara su. Waɗannan tun a gaban mai sayarwa ake tantance su, da ido da hanci da yatsa.