Ƙofa a Buɗe Take a Samaru

Yawancin manomanmu sun san Samaru saboda iri: masara SAMMAZ, gyaɗa SAMNUT da wake SAMPEA duk daga can suka fito. Amma kaɗan ne suka san cewa ɗansu ma yana iya shiga can ya yi karatu.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da kwalejojin aikin gona uku: Samaru, Kabba, da ta hanyar Mando a Kaduna, inda aka fi ba da ƙarfi ga kiwo da lafiyar dabbobi. Karatun difloma shekara 2 ne. Ana bukatar kiredit 5, har da Turanci da lissafi, da kuma jarrabawar JAMB. Lissafin nan shi ke kā da yaranmu. Malaman sakandare, a kula.

Bayan shekara ta fari, ɗalibi yakan fita wata 4 ya koyi aiki a gona. A nan nake roƙon ƙungiyoyin manoma: ku rubuta wa shugaban kwaleji ku nemi ɗalibi. Ku ba shi ɗaki da tuwo, shi kuwa ya nuna muku awon taki da tazarar shuka. 'Yan mata ma ana karɓarsu, kada a bar takardunsu cikin akwati.