Hular kwano kaɗai ba ta tsare kan ma'aikaci

Tun da aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, aka kuma ƙaddamar da aikin mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe a 2022, maganar da ke bakinmu ita ce guraben aiki. Ni kuwa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lafiyar kan matasan da za su tsaya ƙarƙashin injinan ɗaga kaya da hasumiyar haƙar mai.

A wannan sana'a kusan komai ƙarfe ne mai nauyi, kuma yawancinsa a sama yake lilo. Sifana ko ƙusa ta suɓuce daga ƙololuwar hasumiya ta isa ta fasa ƙoƙon kai, balle bututu. Hular kwano tana rage ƙarfin bugu, amma ita ce kariya ta ƙarshe. Ta farko ita ce ɗaure kayan aiki, da duba igiyoyin ƙarfe a kan kari, da hana kowa gilmawa ƙarƙashin kayan da ke rataye. Hular da ta sha bugu kuwa sauya ta ake yi, ko da ba ta tsage ba.

Babban hatsarin yana zuwa bayan bugun. Mutum kan farfaɗo, ya yi magana, har ya koma aiki, alhali jini na taruwa tsakanin ƙashin kai da rufin ƙwaƙwalwa. Sa'o'i kaɗan sai amai da ruɗewa da suma. Don haka duk wanda ƙarfe ya buga a ka, asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa ya kamata a kai shi, ba inuwa ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, ya kuma kai rahoton rauni cikin kwana 7. Ta haɗa har da ma'aikatan wucin-gadi, waɗanda su ne ke riƙe da ƙarfen.

Kirana ga injiniyoyi da likitoci da lauyoyinmu, da ƙungiyoyin NUPENG da PENGASSAN, shi ne su riƙa tambayar 'yan kwangila: wa ke duba injinanku, kuma ina asibiti mafi kusa? Rigakafi dai ya fi magani.