Peugeot 406 Mai Ƙofa Biyu: Da Gaske Kayan Gyaranta Sun Ƙare?

A wani gareji da ke bayan unguwarmu a Kaduna akwai wata Peugeot 406 mai ƙofa biyu, ruwan toka, da ta kwashe damina biyu a gindin darbejiya. Injinta lafiya lau, ana murza makulli take tashi. Abin da ya zaunar da ita gilashin baya ne, da reshe ya faɗo wa ya tarwatsa. Kowa ya zo wucewa sai ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce tun da kamfani ya daina ƙera ta, ko ƙusa ba za a samu ba, gara a kira 'yan gwangwan. Wani ya ce haba, ai 406 ce, a shiga kasuwar Panteka a ɗauko na kowace 406 a liƙa. Maganganun nan biyu duk akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, kuma duk suna sa motoci masu kyau suna ruɓewa a garejoji.

Sai an san asalin motar kafin a rarrabe. 406 da muka saba da ita, mai ƙofa huɗu, ta fito a 1995, kuma an yi shekaru ana harhaɗa ta a masana'antar Peugeot ta PAN da ke Kakuri a Kaduna. Mai ƙofa biyu, wadda ake kira Coupé, ba ta taɓa bi ta Kakuri ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi ne kuma ya riƙa haɗa ta kusa da birnin Turin daga 1997 zuwa 2004, kuma duka-duka guda dubu 107 da 'yan kai aka yi. Ƙarƙashinta 406 ce, amma rigar da aka sa mata daban take ɗungurungum.

To, masu cewa kaya sun ƙare, a kan inji da ƙafafu ba su da gaskiya. Injin fetur mai lita 2.0 da ke cikinta shi ne na mai ƙofa huɗu, wanda kowane bakanike a Kano da Kaduna ya sha kwancewa. Babban injin, V6 mai lita 3.0, an sa shi a 406 mai ƙofa huɗu, da 607, da Citroën Xantia da C5, har da Renault Laguna. Giya mai canza kanta ta V6 ɗin kamfanin ZF na Jamus ne ya yi ta. Wannan ya kawo mu ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kamfanin mota ba shi ne ke ƙera yawancin ƙananan kayan ba. Filogi, famfon mai, kulochi, boris, bel, duk daga wajen irin su Bosch da Valeo da SKF da Gates suke fitowa, kuma waɗannan ba su rufe shago don Peugeot ta daina wata mota ba. Muddin akwai masu saye, suna ci gaba da yi. Matatar mai ko shakazoba ba abin da za su hana wannan mota tafiya ba ne.

Masu cewa kowane kayan 406 yana shiga kuwa, nan ne ake asarar kuɗi. Bonet, fenda, ƙofofi, murfin but, bamba, fitilun gaba da na baya, gilasai, babu ko ɗaya da ya yi daidai da na mai ƙofa huɗu. Ƙofar Coupé doguwa ce, kuma gilashinta ba shi da firam a sama, yana hawa ne kai tsaye ya manne da roba. In wannan roba ta bushe ta tsattsage, ruwan sama zai riƙa ɗiga a kan kujera, kuma ba a yanko madadinta daga jikin wata mota. Na tsaya a gefen wannan mota ranar da wani yaro ya kawo fitilar baya ta mai ƙofa huɗu, ya ɗora ta a gurbin, ya juya ta, ya sake juyawa. Ko ramin ƙusa ɗaya bai hau ba. Haka ma birkin gaba na V6, na kamfanin Brembo ne, kuma takalminsa daban yake da wanda aka saba sayarwa. Ana samunsa, amma sai an neme shi da sunansa.

Akwai kuma zancen da ake yawan yi cewa doka ta tilasta wa kamfani ya ajiye kayan gyara na shekara goma bayan ya daina mota. Babu wata doka guda da ta ɗaure kamfanonin duniya a kan haka, kuma ko da akwai, shekara goman wannan mota ta cika tun 2014. Abin da yake tabbas shi ne akwai ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai kula da gidan tarihin kamfanin a Sochaux ta Faransa, wadda ke sayar da wasu kayan tsofaffin motoci. Wasu, ba duka ba. Kayan bodi galibi daga motocin da aka yanka a Turai ake samunsu.

A nan ina so in ja kunnen masu odar kaya ta intanet. An sayar da wannan mota sosai a Ingila, don haka kayanta sun fi saurin bayyana daga can. Amma motar Ingila sitiyarinta a dama yake, kuma an yi fitilunta su karkata haske zuwa hagu. Mu tun 1972 muke tuƙi ta hannun dama. Ka ɗaura fitilar Ingila a titinmu, haskenta zai riƙa shiga idon mai tahowa, gefen hanyar da kake buƙatar gani kuma ya zauna a duhu. Fitila da kayan sitiyari a nemo su daga Faransa ko Jamus ko Beljiyam.

Sai batun "na Kwatano ya fi sabo". Ga fenda ko ƙofa ko fitila, na yarda ɗari bisa ɗari, tsohon na asali ya fi sabon jabu. Ga kayan roba ban yarda ba sam. Roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba, balle a zafin ƙasarmu. Taimin bel na V6 in ya tsinke mota tana tafiya, fistin zai haɗu da bawul, inji ya tashi aiki. Wanda ya ɗaura tsohon bel don ya rage 'yan kuɗi, injin gaba ɗaya ya sa a caca.

Ƙwaƙwalwar mota ita ma tana da tata jita-jitar, wai kowace ka samu ka jona ta yi. A 1999 an sake tsarin wayoyin 406, saboda haka na kafin wannan shekara da na bayanta ba sa jituwa. A na bayan, ƙwaƙwalwar inji da akwatin BSI mai sarrafa wutar mota da makulli an ƙulle su da lambar sirri guda, ɗaya ba ya amsa wa baƙo. Ko dai a sayo su tare daga mota ɗaya, ko a sami mai kwamfutar da ya iya daidaita su.

Masu sana'a a kasuwannin Panteka da Ƙofar Ruwa ba na raina hannunsu. Na ga sun ƙera maƙalin salansa, sun gyara fasasshiyar bamba har ba ka gane inda ta karye. Amma gilashi mai lanƙwasa, faifan birki da jakar iska ba aikin guduma ba ne, kuma mai gaskiya a cikinsu shi da kansa zai gaya maka.

Gilashin waccan mota daga ƙarshe daga Faransa ya zo, cikin akwatin katako, ta hannun wani ɗan'uwan mai ita, kuma kuɗin dakonsa ya fi kuɗin gilashin. Kai da kake shirin sayen irinta, kafin ka saurari ƙarar inji, zagaya ka duba gilasai da fitilu da robar ƙofa. In za ka nemi kaya kuma, rubuta lambar shasi mai farawa da VF3, ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannunka.