Ranar da Japan ta yi jana'izar ɗan damben da ba a taɓa haifa ba

A ranar 24 ga watan Maris na shekarar 1970, mutane kimanin 700 sun cika zauren taro na kamfanin ɗab'i na Kodansha da ke birnin Tokyo. An kafa dandalin dambe a cikin zauren, wani malamin addinin Buddha ya yi addu'o'i, aka kaɗa ƙararrawa sau goma kamar yadda ake yi idan ɗan dambe ya rasu. Gawa ce kawai babu a wurin, domin mamacin, Toru Rikiishi, a takarda kaɗai ya taɓa rayuwa.

Rikiishi ɗaya ne daga cikin taurarin Ashita no Joe, wato "Joe na Gobe", labarin zane irin na Japan da ake kira manga. Ikki Kajiwara ne ya rubuta shi da sunan aro na Asao Takamori, Tetsuya Chiba kuma ya zana. Ya fito a mujallar Weekly Shonen Magazine daga 1968 zuwa 1973, lokacin da take sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a kowane mako.

Labarin na wani maraya ne mai taurin kai, Joe Yabuki, wanda ya faɗo unguwar talakawa a Tokyo, inda wani tsohon ɗan dambe mashayi ya ga yana da hannu. A gidan gyaran halin yara Joe ya haɗu da Rikiishi, gaba ta shiga tsakaninsu, daga baya ta koma ganin girman juna.

Matsalar daga alƙalamin mai zane ta taso. Chiba ya zana Rikiishi da jikin da ya fi na Joe girma, alhali a damben zamani sai ƴan aji ɗaya ke karawa. Don haka sai labarin ya sa Rikiishi ya ƙuntata wa kansa ci da sha domin ya sauko ajin Joe, wanda bai wuce kilo 53 da rabi ba. Har famfunan ruwa aka ɗaure da waya don kada ƙishi ya rinjaye shi.

A turmi na takwas Rikiishi ya kayar da Joe, ya lashe wasan. Masu karatu sun ɗauka an gama. Amma da Joe ya miƙa masa hannu domin su gaisa, sai Rikiishi ya yanke jiki ya faɗi. Ramewa, da naushin da ya sha a gefen kai, da buguwar da ƙeyarsa ta yi da igiyar dandali, su suka yi ajalinsa.

Yawancin masu bin labarin ba yara ƙanana ba ne. Akwai ɗaliban jami'a da suka fito daga zanga-zangar 1968 da 1969, da matasa ƴan ƙwadago da suka baro ƙauyuka zuwa birni neman na kansu. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunta a garin da bai san kowa ba zai gane abin da suka gani a jikin waɗannan samari biyu. Marubuci Shuji Terayama, mai sha'awar dambe, shi da ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo Tenjo Sajiki ne suka shirya jana'izar.

Mako ɗaya bayan haka, ranar 31 ga Maris, wasu matasa tara masu ra'ayin gurguzu suka yi fashin jirgin kamfanin Japan Airlines, suka karkata shi zuwa Koriya ta Arewa. A sanarwar da suka bari, sun kwatanta kansu da Joe. Washegari, 1 ga Afrilu, aka fara nuna labarin a talabijin.

Marubutan ba su bar mutuwar ta wuce haka nan ba. Joe ya daɗe ba ya iya kai wa abokin karawa naushi a fuska. A 1973 aka rufe labarin da hotonsa zaune a kusurwar dandali, ido rufe, yana murmushi, bayan ya sha kaye a hannun zakaran duniya José Mendoza. Har yau masoya na gardama kan ko mutuwa ya yi ko hutawa.

Abin da labarin ya nuna bai tsaya a takarda ba. A watan Agustan 2025, ƴan dambe biyu ƴan shekara 28, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, sun rasu sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa bayan wasannin da suka yi rana ɗaya a zauren Korakuen na Tokyo. Hukumar damben Japan ta rage wasu wasannin kambu daga turmi 12 zuwa 10, kuma batun rage nauyi ta hanyar ƙin shan ruwa ya sake dawowa bakin jama'a, shekara 55 bayan jana'izar Rikiishi.