Kuliya Na Talabijin Da Alƙalin Gaskiya

Mutanen Birnin Kudu da Gwaram waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980, tun muna cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991, ba za su manta da wasan Kuliya Manta Sabo ba, wanda ake nunawa a talabijin daga Kano, inda Alhaji Daudu Galadanci yake fitowa a matsayin alƙali. Sunan wasan kirarin alƙali ne, watau idan ya hau buzun shari'a ba ya sanin aboki ko suruki.

Abin da ya fi burge mu a irin wannan wasa shi ne lokacin da mai ƙarya yake ta zuba, alƙali ya jefa masa tambaya guda, maganarsa ta warware, jama'a su fashe da dariya. Lalle akwai wa'azi a nan, domin shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya ambace ta tare da shirka da saɓa wa iyaye.

Amma fa akwai abin da wasa yake ɓoye wa mai kallo. Alƙalin talabijin yana gane gaskiya ne saboda wanda ya tsara labarin ya riga ya san ta. Alƙalin gaskiya kuwa da zahiri yake hukunci. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi ta littattafai irin su Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, ba a yarda ya yanke hukunci da saninsa na kansa ba, ko da ya ga abin da idonsa. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya akan karɓi shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa, amma ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa. Shi ya sa hadisin Ummu Salama ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci shari'a da iya baki alhali hakkin ba nasa ba ne, yankin wuta aka yanka masa.

To, ga inda abin ya shafe mu. Ɗan kasuwa yakan ba da buhunan hatsi bashi a kasuwar Sara ba takarda ba shaida, wai kunya ba za ta bar shi ya rubuta wa abokin shekara ashirin ba. Haka ma'aikaci yakan ranta wa na kusa da teburinsa kuɗi sai ƙarshen wata. Alhali kuwa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ran da abokin ya musa, ko ya rasu magada suka ce ba su san zancen ba, alƙali zai tambayi mai buhunan shaidunsa, in babu ya juya ga wanda ake ƙara ya ba shi rantsuwa.