Shin Ko Kun San? Tsohuwar Jarida da Kasuwar Hannun Jari

Mai tsire ya naɗe maka nama a tsohuwar jarida a bakin tashar Kafanchan. Kada ka yi saurin jefar da takardar! Warware ta. Duba kanun labarin. Abin da ya hana mutane barci a ranar, yau shi ya sha mai da yaji. To, gyara zama ka ji.

Shin ko kun san jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa ne a Zariya a watan Janairun 1939, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita? Kwabo ɗaya tak! Yau je ka kasuwar Kafanchan da kwabo ka ga ko ashana za a ba ka.

Ga wata kuma. Jaridar New Nigerian ta fito a Kaduna ranar 1 ga Janairun 1966. Mako biyu kacal, sojoji suka yi juyin mulkin farko. Jaririya ke nan, ko arba'in ba ta yi ba, babban labari ya faɗo mata a cinya.

Shin ko kun san tun kafin jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, Turawa na can Landan suna rububin hannun jarin kamfanonin kuzar ƙasar Jos? Wajen 1910 zuwa 1912 aka yi wannan zazzaɓin. A 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya. Ramukan haƙar kuzar dai suna nan.

Tamu kasuwar fa? A 1961 aka fara ciniki a kasuwar hannun jari ta Legas. Takardu nawa aka baje? Goma sha tara! Reshen Kaduna bai zo ba sai 1978.

Yanzu riƙe wannan lissafin. Ma'aunin kasuwar ya fara ne da maki 100 a Janairun 1984. A Janairun 2024 ya haura maki 100,000. Ninki dubu! Shekara arba'in cif, daidai wa'adin da Bahaushe ya ɗibar wa ɗan kuturu kafin a yabi yatsunsa.

Tsaya, kada ka fara guɗa. A 1984 Dala ɗaya ba ta kai Naira ɗaya ba. A 2024 ta wuce Naira 1,500. Kun gani? Kasuwa ta yi gudu, Dala ta fi ta sauri. Sai dai ma'aunin ba ya haɗawa da ribar da kamfanoni ke rabawa duk shekara. Wannan lissafinta daban.

Kun tuna 2007? Bankuna na tallar hannun jari a rediyo da jarida kamar gwanjo. Malamin makaranta ya saya, ɗan kasuwa ya saya, wasu har da bashi. Ranar 5 ga Maris 2008 ma'auni ya taɓa maki 66,371. Shekara na zagayowa ya faɗo ƙasa da 20,000. Naira goma ta koma uku!

Yaushe ma'aunin ya koma inda yake a da? Agustan 2023. Shekara goma sha biyar! Yaron da aka raɗa wa suna ranar da kasuwa ta kai ƙololuwa ya isa shiga babbar sakandare kafin ta dawo.

Abin mamaki, a daminar 2023 ɗin ce cuta ta afka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Gonaki suka ruɓe. A wata ɗaya, Legas na murna, manomin citta na riƙe da kai. Ƙasa ɗaya, kanu biyu.

Kada kuma a ce duk mai haƙuri ya sha romo. A Agustan 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana guda. A 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank. Masu hannun jarinsu? Takarda kawai ta rage musu.

Leƙa Amurka ka sha dariya. A Oktoban 1929 wani shahararren farfesan tattalin arziki, Irving Fisher, ya ce farashin hannun jari ya hau tudun da ba zai sauko ba. Kwanaki kaɗan kasuwa ta kife. Sai 1954 ta koma matsayinta. Shekara ashirin da biyar!

Ga kishiyarsa. A Agustan 1979 mujallar BusinessWeek ta buga a bangonta cewa hannun jari ya mutu. Ma'aunin Dow bai kai maki 900 ba a lokacin. A Mayun 2024 ya haura 40,000. Gawa ta tashi ta ninka kanta sau arba'in da ɗoriya!

Japan ta fi kowa jira. Ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwa a Disamban 1989. Bai sake ganin wurin ba sai Fabrairun 2024. Shekara talatin da huɗu. Saurayi ya zama mai furfura.

Wanda ya yi kururuwar arziki ya yi kuskure, wanda ya yi shelar mutuwa ma ya yi kuskure. Jarida labarin yini take bayarwa, hannun jari kuwa da shekaru ake auna shi.

Na ajiye muku mai daɗin a ƙarshe. Dokokin 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanonin Turawa sayar wa 'yan Nijeriya hannun jari. Ma'aikata da dama sun saya, suka adana takardun, wasu suka rasu iyali ba su sani ba. A 2023 hukumar da ke kula da kasuwar ta ce ribar da ba a zo karɓa ba ta kai wajen Naira biliyan 190. Biliyan, ba miliyan ba!

Don haka mutanen Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, idan Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne ko malamin makaranta, a buɗe adakarsa. A duba ƙarƙashin tsofaffin jaridun nan a hankali kafin a kai wa mai tsire. Ka kuma faɗa wa maƙwabcinka.