Tsakanin "no ha firmado" da "no firmó": nahawun da ke iya sauya rahoton ma'aikaci

A watan Agustan 2024, Shugaba Bola Tinubu da takwaransa Teodoro Obiang suka rattaba hannu kan yarjejeniyar bututun iskar gas a Malabo. Ikwatoriyal Gini maƙwabciyar Najeriya ce ta teku, kuma Sifaniyanci ne babban harshenta na hukuma. Duk jami'in da aka tura can, ko Madrid, ko Habana, zai tarar da takardun da ma'anarsu ta rataya a kan ɗan ƙaramin aikatau guda: haber.

Da shi ake gina jimlar da ke nuna an kammala aiki. Ana juya shi gwargwadon mai aikin, he, has, ha, hemos, habéis, han, sannan a biyo shi da siffar aikatau mai ƙarewa da -ado ko -ido. Firmar, sa hannu, ya koma firmado. Recibir, karɓa, ya koma recibido. "Hemos recibido la carta" na nufin mun karɓi wasiƙar. Wanda ya iya Faransanci sai ya yi hattara, domin can akan ce "je suis arrivé", amma Sifaniyancin yau haber kaɗai ya sani: "he llegado".

Bahaushe na da wata gajeriyar hanya da Bature mai Ingilishi ba shi da ita. Rubutacce, rubutacciya, rubutattu: haka escrito, escrita, escritos suke bin jinsi da adadi. "La carta está escrita", wasiƙar rubutacciya ce. To amma da zarar haber ya shigo, siffar sai ta ƙame wuri guda. Ko mace ce ta rubuta, ko wasiƙu ɗari ne, "ha escrito" za a ce. A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, don hankali na raya musu cewa a daidaita.

Akwai kuma 'yan tawaye da ba su bin ƙa'ida, kuma abin takaici su ne aka fi buƙata a ofis: hecho daga hacer, dicho daga decir, visto daga ver, puesto daga poner, abierto daga abrir. Waɗannan babu dabara sai hadda.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen kai rahoto. "El ministro no ha firmado" na nufin minista bai sa hannu ba tukuna, ƙofa a buɗe take. "No firmó" kuwa ya nuna lokacin ya wuce bai sa ba. Hadimin da ya fassara na farko da ma'anar na biyu ya shaida wa maigidansa cewa magana ta mutu alhali tana da rai. Ga kuma bambancin ƙasa: mutumin Madrid zai ce "hoy he llegado" kan abin da ya faru yau, na Ajantina ya ce "hoy llegué", kuma duk sun yi daidai.

Sauran lokutan a kan tubali ɗaya suke. "Había firmado", ya riga ya sa hannu kafin wani abu ya faru. "Habrá firmado", zai kasance ya sa, amma a bakin masu harshen takan zama hasashe ne kawai, wato wataƙila ya sa. Bai kamata irin wannan ta shiga fayil a matsayin tabbaci ba.